Ranar da Yaya Ta Yi Ƙarya

Yayata mai shara ce a wata makarantar kuɗi, kuma in ban da tsintsiya, ba abin da aka san ta da shi kamar rashin iya ƙarya. Ba wai ta fi kowa tsoron Allah ba ne, bakinta ne kawai bai san hanyar ba. In kika ɗinka sabon kaya kika tambaye ta ko sun yi miki kyau, sai ta dube ki sama da ƙasa ta ce tela ya cuce ki. Ranar da na kai mata yarinyar da nake nema, ta ba ta ruwa, ta raka ta har bakin ƙofa, ta dawo ta ce da ni, "Ta fi ƙarfinka." Haka kuwa aka yi.

Ni ƙanenta ne. Ina da ɗan shago a bakin titi, ina gyaran waya, ina kuma tura wa mutane fina-finai. Gida ɗaya muke haya, ɗakina na kallon nata.

Tun makarantar ba ta da bene Yaya take share ta. Takan riga kowa zuwa, da bokitinta da tsummokaranta, kuma kowane tsumma da aikinsa. Na ƙasa ba ya hawa tebur, na tebur ba ya taɓa gilashi. Na gilashi tsohuwar singileti ce mai laushi, in ta gama da ita sai ta bi da tsohuwar jarida har tagar ta yi ƙara. Malamai sun zo sun tafi, an canja kalar yunifom, an canja wa makarantar suna don ya fi cika baki, Yaya tana nan.

Ɗanta guda ne, muna ce masa Dogo saboda ya yi ta miƙewa har ya wuce ni. Bai yi magana da wuri ba. Ba ya kallon idon mutum, hayaniya na sa shi toshe kunne, in abu ya yi masa daɗi sai ya yi ta rausaya yana wani ɗan guɗa a maƙogwaro. Likita ya ce sunan abin otizim. Mutanen unguwa ba su jira likita ba, taɓaɓɓe suke cewa. Ubansa direban babbar mota ne. Ya dubi yaron ya ce a danginsu ba a haifar irin wannan, ya ɗauki lodi ya tafi, har yau yana hanya.

Saboda uwarsa na aiki a wurin, Mai Makaranta ya yarda Dogo ya riƙa zama a kujerar ƙarshe ta gefen taga. Wannan kujera ita ce duniyarsa. Ko ranar da babu makaranta sai ya sa yunifom ya tsaya bakin ƙofa, sai an lallashe shi ya cire. Ya iya karatu a hankali, yana rubuta sunansa tsaf. Lissafi kuwa tun daga ɗebewa suka raba gari. Abin da ya ɗauko wajen uwarsa shi ne ƙin ganin datti a jikin gilashi. Ko shatin yatsa ya gani a fuskar wayar da nake gyarawa, sai ya karɓa ya goge.

Shekararsa goma sha biyar iyayen yara suka fara ƙorafi, wai guɗarsa na hana 'ya'yansu fahimtar karatu, 'ya'yan da ni na san abin da nake tura musu a waya. Mai Makaranta ya kira Yaya, ya bar ta a tsaye, ya ce in zangon nan ya ƙare ta nema wa yaron wani wuri. Babu wani wuri. Wani wurin shi ne ɗakinta, a kulle shi ciki tun safe har ta taso daga aiki. Ta dawo gida ta zauna bakin gado ba ta ko cire takalmi ba.

A cikin wannan zangon ne fim ɗin ya shigo gari. Labarin wani saurayi ne a wata ƙasa mai nisa, shi ma ba ya kallon ido, shi ma yana toshe kunne, amma in aka ba shi farin alƙalami sai ya cika gilashin taga da lambobi, manyan malamai su riƙe baki. Akwai wani mugun malami da ya raina shi, akwai yarinyar da ta riƙe masa hannu, a ƙarshe ya ci kofi aka saka kiɗa mai sa kuka. Na tura shi a waya har yatsana ya yi ciwo.

Kafin mako ya zagayo, Dogo ya tashi daga taɓaɓɓe ya koma Farfesa. Mai facin taya da ke korarsa daga inuwar rumfarsa ya fara share masa benci. Wata mata ta kawo ɗanta mai shirin jarrabawa, wai Farfesa ya shafa masa kai. Samarin gidan kallon ƙwallo suka tare shi suna tambayar ci nawa za a yi ranar Asabar. Da ya juya musu baya ya kama kallon bango, sai ɗayansu ya ce, "Ku yi shiru, lissafawa yake."

Matar Mai Makaranta ma ta aiko da wayarta na tura mata. Bayan kwana biyu aka sake kiran Yaya ofis, wannan karon har da ba ta kujera.

"Baiwar Allah, me ya sa kika ɓoye mana?" in ji Mai Makaranta.

"Na ɓoye me, ranka ya daɗe?"

"Irin wannan dukiya a cikin makarantata, ina zaune ban sani ba! Maganar neman wani wuri ki manta da ita. Ranar rabon kyaututtuka za mu nuna wa iyaye abin da muka rena."

Allah ya taimake mu wayarsa ta yi ƙara kafin ta buɗe baki. Da ta ba ni labari da yamma, sai da na durƙusa mata.

"Yaya, ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Shiru kawai za ki yi."

"Yaron da bai san bakwai a ɗebe uku ba?"

"Kujerarsa fa, Yaya."

Ta yi shirun, amma yana matsa mata kamar takalmin aro. Ta daina gaisawa mai tsawo da kowa don kada a tambaye ta.

Na ɗauka Malamin Lissafi ne zai tona mana asiri, tunda shi ya shekara da shekaru yana zana wa Dogo sifiri da jan biro. Ashe shi ma ya kalli fim ɗin, kuma ya ga yadda aka yi da mugun malamin nan a ƙarshe. Sai ga shi a ɗakin malamai yana bayanin cewa shi tuntuni ya lura, sifirin nan ba na rashin sani ba ne, tambayoyin ne suka yi wa yaron ƙanƙanta har ya ƙi kula su. Aka ɗauki hoton Dogo yana kallon gefe, aka buga a ƙaton kyalle aka rataya a ƙofar makaranta. Aka saya masa abin toshe kunne irin na cikin fim. A duk hidimar nan shi kaɗai ne abin da ya amfane shi, don tun yana ƙarami yake bukatarsa ba wanda ya kula.

Ana jibi taro Malamin Lissafi ya zo shagona, ya ce in tsayar masa da fim ɗin daidai inda saurayin ke gaban taga. Ya kwafe lambobin a takarda yana gumi. Na ce, "Malam, wannan wane irin lissafi ne?" Ya ce ba matakina ba ne. Daga yadda ya juya takardar yana neman samanta, na gane ba nasa ba ne shi ma.

Ranar taro zauren ya cika. Iyaye sun sha ado, fanka na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A kan dandamali an kafa wani ƙaton gilashi a jikin katako, Malamin Lissafi ya cika samansa da farin rubutu ya bar ƙasan fili, wurin amsa. Yaya na can gefe da bokitinta, don wani yaro ya zubar da lemo a gaban manyan baƙi. Ni ina can baya.

Aka kira Farfesa. Dogo ya hau da abin kunnensa, Mai Makaranta ya danƙa masa farin alƙalami ya ja da baya yana murmushi. Wayoyi suka tashi sama.

Dogo ya daɗe yana kallon gilashin. Na ga kafaɗarsa ta fara rausaya, na san abin da ke damunsa, Yaya ma ta sani. Ya ajiye alƙalamin a ƙasa, ya sauko, ya ratsa ta gaban manyan baƙi ya je wurin bokitin uwarsa. Ya ɗaga tsumman ƙasa ya ajiye gefe, ya ɗauki singiletin. Ya koma ya fara daga kusurwar sama ta hagu, yana tafiya layi-layi, bai bar ko ɗigo ba. Da ya gama ya zare jaridar da ke kan cinyar wani babban baƙo, ya dunƙule ta, ya bi gilashin har ya yi ƙara.

Na fara duba ƙofar da ta fi kusa da ni.

Mai Makaranta bai kai inda ya kai da wauta ba. Ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, kun ga abin da na gani? Yaron nan ya nuna mana tambayar ce ma ba daidai ba!"

Malamin Lissafi ya miƙe yana gyaɗa kai. "Dama na ga alamar kuskure a layi na biyu," in ji shi.

Tafi ya ɓarke. Babban baƙon da aka ƙwace wa jarida ya fi kowa tafawa. Sai wata mata ta miƙe, wadda ita ce ta jagoranci masu ƙorafin a kori Dogo, ta ce don Allah a ba mahaifiyarsa dama ta faɗa wa iyaye yadda ake renon irin wannan baiwa.

Aka jawo Yaya da rigar aikinta, hannunta jiƙe, aka sa mata makirufo a baki. Shiru ba zai yi aiki a nan ba. Ta dubi Mai Makaranta, ta dubi matar, ta dubi Dogo yana ninke singiletin gida huɗu yadda ta koya masa. Na san kujerar gefen taga take gani, da kuma ƙofar ɗakinta da kwaɗo a jiki.

"Tun yana goye yake lissafi," in ji Yaya. Muryar kamar ba tata ba. "Ko kuka zai yi, sai ya ƙirga."

Mata suka yi ta salati. Dogo kuwa ya ɗaga abin kunnensa gefe guda, ya matso kusa da makirufo, ya yi magana yana kallon fanka.

"Inna, ba haka ba ne. Ban iya lissafi ba. Sifiri nake ci."

Na ce shi ke nan, ta ƙare. Sai matar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ƙanƙan da kai! Wallahi haka na cikin fim ɗin ma ya ce!" Tafin da ya biyo baya ya fi na farko. Mai Makaranta ya yi shela cewa muddin yana raye, kujerar Farfesa tasa ce har ya gama. Mun ci nasara ke nan, amma ni dai ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da aka watse, uwar Farfesa ta ɗauki tsintsiya, don zauren ba zai share kansa ba. Na tsaya ina tattara mata kujeru. Tana shara hawaye na ɗiga a kan robobin lemo, ba ta ko share su. Dogo na tsaye gaban gilashinsa.

"Inna, kin yi ƙarya."

"Na yi."

"Kin ce babu kyau."

"Babu kyau, Dogo."

Sai ya ce, "Ba wanda ya duba gilashin."

Gaskiyarsa. Duk wayoyin nan da aka ɗaga, ba wanda ya kalli aikin da ya yi. Yaya ta jingine tsintsiya ta hau dandamalin. Ta duba gilashin yadda take duba nata, ta tsaya ta gefe inda haske ke tona asiri, ta sunkuya ta leƙa kusurwoyin ƙasa, ta ja yatsa a bakin katakon. Ta daɗe, don ita ba ta yabo da ka.

"Babu tabo ko ɗaya," ta ce. "Ko ni ban kai ka ba."

A da, in Yaya ta ce abu ya yi, Dogo kan fara guɗarsa nan take, don duk duniya bakinta ne kaɗai bai taɓa bukatar ya auna ba. Muka jira guɗar. Ya ci gaba da murza singiletin a hannunsa, idonsa na kan gilashin.

"Inna," ya ce, "wannan ma ƙarya ce?"