Kalmar da Horace Tordoff ya koya mini

Shekara goma sha tara muna makwabtaka da Horace Tordoff a garin Barnsley, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun yana ɗan shekara sha biyar ya shiga ramin haƙar kwal, bai fito ba sai da aka rufe ramin. Ya fito da ƙurar kwal cike da huhunsa. Daga ɗakina nake jin tarinsa kowace safiya.

Ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi, ko da kuwa jini ya tofar.

Ranar da aka binne matarsa Maud, iska ta taso da ruwa mai sanyi. Na tsaya bakin kabari da rigunan sanyi biyu ina rawar ɗari, shi kuwa kwat ɗin aurensa ce kawai a jikinsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wai ni "nesh" ne. Na ɗauka wata addu'a ce, na sunkuyar da kai. Sai a mota ya gaya mini cewa haka mutanen nan ke kiran ragon da ba ya jure sanyi.

"Maud ma da ke kwance a ƙasa ba ta yi ƙorafi ba, ɗan samari," in ji shi. Ina da shekara hamsin a lokacin. Dariya ta kuɓuce mini, na ji kunya. Shi ko murmushi bai yi ba, tagar mota yake kallo.

Bayan shekara biyu na raka shi asibiti. Likita ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce wata uku ya rage masa, wataƙila huɗu. Sai ya ce, "To madalla. Na huta da fentin ƙofar nan."

A hanya ya sa na tsaya ya sayi soyayyen kifi da dankali, ya ci loma biyu ya miƙo mini sauran.

Wata biyu ya yi. Na same shi da hantsi a kujerarsa ya cika, shayinsa ya huce. Mu shida muka raka shi makwancinsa. 'Yarsa Glenda ta zo daga Leeds, ta kwashe gidan cikin kwana biyu, ta bar mini butar shayinsa.