Kwamfutar Surukina

A shagona na gyaran kwamfuta da ke kasuwar Suk al-Shabi bakina ba ya hutawa. Amma a gidan surukina a Omdurman bebe nake komawa. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba na kallon idonsa, sai dai in gaishe shi a durƙushe in wuce.

Tela ne, yana da keken aikin zare da wata tsohuwar kwamfuta ke tuƙawa, ita ke fitar da ado a wuyan jallabiya.

Wata Juma'a bayan cin abinci na samu ƙanen matata a tsakar gida, na buɗe masa karatu. Na ce tsohon tsarin tada kwamfuta, BIOS, ya tsufa. Rabon faifan ajiyar kwamfuta irin na da, MBR, ɗaki huɗu kawai yake iya yankawa, babban faifai kuma rabinsa yake gani. Sabon kuwa, UEFI da GPT, yana tashi kafin ka kurɓi shayi, kuma yana ajiye taswirar faifan a wuri biyu, in ɗaya ta lalace ɗaya na nan. Na yi ta zuba kamar ni na ƙera shi. Aibinsa ban kai gare shi ba aka kira sallah: tsofaffin manhajoji da yawa ba sa zama a kansa.

Ashe tsohon yana ɗakinsa yana ji ta taga.

Ana cikin azumi ya aiko matata ta kira ni. Na tarar da sabuwar kwamfuta a kan teburinsa, jallabiyoyin sallah jibge a gefe, abokansa biyu na zaune. Tsohuwar kwamfutar ya ba wani ɗan'uwansa, an tafi da ita can yankin Jazira, an goge ta.

"Ya waladi, ɗana, ga irin wadda ka yaba," ya ce yana kallon bango. "Haɗa mana ita da keken."

Na duba, na sake dubawa. Manhajar keken tsohon tsari take so, wannan kuwa ba ta da ƙofar komawa baya. Kaina a ƙasa na ce, "Baba, ba za ta tuƙa keken ba."

Ɗaya daga abokan ya ce, "Ya Haj, me ya hana ka tambaye shi tukuna?"

"Mijin 'yata ne," in ji surukina. "Khalas, shi ke nan."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in samo masa wata tsohuwar kwamfuta a kasuwa sallah ta ƙarato, ya mayar wa mutane da yawa yadinsu.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Sabuwar ya ɗinka mata riga ya rufe ta. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga rigar ya ce, "Zaɓin surukina ne, injiniya ne." Sau da yawa ina bakin ƙofa ina cire takalmi nake jin haka.