Ƙofar Inna da Gwaggo Hansai

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi fita daga raina. Masu sani ku taimake ni, amma bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa.

Aikina tsara gari ne, kuma ni aka ba zanen sabunta unguwar da aka haife ni. Duk damina ruwa sai ya rusa mana katangu, don haka na raba gidajen da ke manne da juna, na ratsa lambatu a tsakaninsu, da layin bishiyoyi. Da na kai zanen ƙofar gidan mai unguwa, maza suka taru suka duba, kowa ya ce, “To madalla, kai ne masani.” Na dawo ina jin kaina kamar wani gwani. Gobe zan sa hannu a fara aiki.

A mafarkin, na tsinci kaina a cikin ɗan samfurin unguwar da muka haɗa da kwali a ofis. Ina tafiya a kan titi fari fes, ba kaza ba akuya, ko ƙaurin girki babu. Na taɓa wata bishiya, na ji soso ne aka shafa wa koren fenti. Dattawan unguwa suna zaune a kan tabarma, amma ƙafafunsu an liƙe su da gam. Na gaishe su, suka amsa baki ɗaya, “Madalla, kai ne masani.”

Sai kawai na ji an kira ni, “Sulaimanu!”

Muryar Inna ce, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “Yaron nan” take ce mini har yau da nake da furfura.

Na ruga, sai ga ni a tsakar gidanmu. A katangarmu ta baya akwai wata ’yar ƙofa da mata ke bi su shiga maƙwabta ba sai sun fita titi ba. Ta nan ake miƙa gishiri, ta nan ake kiran ungozoma. Ta nan kuma Gwaggo Hansai, aminiyar Inna da idonta ya mutu, take lallaɓowa kullum da safe su sha koko tare. A mafarkin ƙofar babu ita. Inna na tsaye tana shafa bango da tafin hannu, daga can baya kuma ina jin sandar Gwaggo tana ƙwanƙwasa siminti, tana nema.

“Tana bakin ramin lambatun da ka haƙa,” in ji Inna. Ba ta ko juyo ta dube ni ba.

Sai kawai na ga fensir a hannuna, ya kai girman taɓarya. Na zana ƙofa a bangon. Tana buɗewa sai ruwa ya kwararo, jan ruwan damina, da buta da takalman yara a ciki. Na goge da sauri. Ruwan ya tsaya, ƙwanƙwasar ta dawo. Na sake zanawa, ruwa. Na sake gogewa, sanda. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na fita da gudu wajen dattawan nan ina cewa, “Don Allah ku gaya mini, ina zan sa ƙofar? Baba Mai Unguwa, ka yi magana mana!” Suka yi murmushi kawai. Na ce a kira mini matan gidajen. Aka ce ai ban yanka su a kwali ba, maza kaɗai na yi.

Sai ƙwanƙwasar ta tsaya cak. Inna ta sake kiran sunana, a hankali wannan karon.

Na farka ana kiran sallar asuba. Ina idar da salla na buɗe zanen. Ƙofar babu ita da gaske, lambatu ya bi ta kanta, ita da duk ire-irenta a layinmu. A taron nan kuwa ba wanda ya ambace su, don ba maza ke bi ta nan ba. In na tsaya sake zane, damina za ta riske mu ba a yi komai ba, kuma na san abin da ruwa ke yi.

Na kira Inna a waya. Na ce, “Inna, kin san aikin nan zai toshe ƙofarku da Gwaggo?”

Ta ce, “Na ji a bakin yara tun tuni.”

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“To, yaron nan, ai kai ne masani. Allah ya yi albarka.”

Jama’a, mene ne fassarar wannan mafarki? Gargaɗi ne ko tsoro ne kawai? Kuma in mutane sun ce maka “madalla”, ta yaya ake gane sun yarda ne, ko kunyarka suke ji?