Gindin Dutse a Hanyar Wagini

Lahadi, Tsaskiya zuwa Safana

Ana idar da sallar asuba na ɗaura wa jaki akumari. Na bar ƙanena Ila da rijiyar da muke gina wa gari, mun kai gaba bakwai, ni kuma zan je Wagini maƙera su gyara mana bakin dagi. Wani dutse mai ƙyalli muka taras, mai ɓarewa kamar albasa, har ya fara gumi, muna murna ruwa ya kusa. Na ce wa Ila ya ci gaba, ai dutse ba ya ruftawa. Ni da bakina na faɗa, shekara ashirin ina gina rijiya!

Da azahar na shiga Safana. Masu tsaron ƙofa suka zazzage mini mangala, wai mahara na aiko 'yan leƙen asiri. Suka ga dakusassun ƙarafa, suka yi dariya. Na sauka zauren wani malami, aka kawo tuwon gero da miyar kuka.

Litinin, hanyar Wagini

Da hantsi na kai wani kwazazzabo da ruwan bana ya yanka a gefen hanya, zurfinsa tsayin mutum uku. Na leƙa, na tsaya cak. Ni dai na san ƙasa a shimfiɗe take, hawa kan hawa kamar tabarmi. Nan kuwa ga irin dutsen rijiyarmu, amma falle-fallensa a tsaye, a karkace, wasu sun lanƙwashe.

Wani tsoho mai sassaƙa dutsen niƙa yana aiki a wurin. Na gaishe shi, na faɗa masa sana'ata, na ce irin dutsen nan muka taras a rijiyar da muke gini. Ya ce gindin duwatsu nake gani. Da can tsawonsu ya wuce misali, ruwa da iska suka niƙe su tun kafin kakannin kakanni, rairayin gonakinmu garinsu ne. Ina cikin mamaki ya nuna mini inda ruwa ke tsattsafowa tsakanin falle biyu, ya zura sanda. Falle guda, ya kai ƙyauren ɗaki, ya zame ya faɗa ƙasa.

"Ɗana, in aka huda shi ya ji ruwa, haka yake yi. Wa ka bari a ciki?"

Na bar masa jakin, na yanki daji da gudu, ko Safana ban bi ba.

Tsaskiya, da la'asar

Na iske Ila can ƙasa yana waƙa. Na sa masu igiya suka jawo shi yana mita, wai laka ta fara fitowa, bari ya koma ko dagi ya ɗauko. Na riƙe masa hannu gam, mutane na cewa rana ta taɓa ni.

Ana alwalar magariba muka ji ƙasa ta girgiza. Muka ja igiyar rijiya, ta ƙi tasowa, dutse ya rufta ya danne ta. Ila ya zauna daɓas.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.