Kumburin da Na Ɗauka Ƙiba Ce

A lokacin da wannan abu ya same ni ina da 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye kusa da Nasarawan Doya. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, da shi aka ɗauke ni aikin sa-kai a ƙaramin asibitinmu. Ranar awo ni ke ɗaura wa yara tef a damtse, in rubuta ko ja ya nuna, ko rawaya, ko kore. Ina ji da aikin nan, ba zan ɓoye ba.

Sai aka kawo mana horo ta waya a kan gane tamowa da maganinta. Darussa ne na bidiyo da bayanin Hausa, kowacce ta kalla ta amsa tambayoyi. Abin ya zo daidai da cire masara, ga sabis ba ya kamawa sai na je bayan firamare na tsaya a rana. Na kalli biyu na gaji. Da na koka wa abokiyar aikina, ta yi dariya ta ce ni da na shekara ina awo me bidiyo zai koya mini. Ta nuna mini yadda ake jan sa da yatsa zuwa ƙarshe, ta faɗa mini amsoshin. Cikin wuni ɗaya na gama sauran, waya ta nuna na ci.

A watan ne na yaye autana. Kamar yadda muka saba, aka kai shi Paki wurin Innata, ni kuma na ƙi leƙawa don ya manta da nono. Ashe ya ƙi tuwo, ya ƙi komai sai koko, ita kuma ta bi shi da abin da yake so. Da ya kusa wata biyu ta dawo da shi da kanta tana tsokana, wai ga angonta ta kiwata shi, in dubi kumatu, in dubi ƙafafu, a wurina dama yunwa yake sha. Ni ma na yi murna. Sai dai yaron ba ya wasa, in an taɓa shi sai wani kuka marar ƙarfi, gashinsa ya yi ja-ja. Maigidana ya ce anya kuwa, ko a kai shi a duba. Na ce ai ni ce mai dubawar. Na ɗauko tef na auna a gabansa, bai kai ja ba. Na ce fushin yaye ne, zai wuce. Ya bar maganar don ya yarda da ni. Kwana tara muka yi a haka.

Ranar awo na tafi da shi a goye. Sista, shugabar asibitin, ta zo wucewa ta bayana, sai ta tsaya ta ce in sauke shi. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ramin ya zauna kamar an danna ƙullin ƙosai mai tauri. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce Maman yara, ba wannan ne darasi na uku ba, kuma ba sunana na cikin waɗanda suka gama ba? Ta ce ruwa ne ba ƙiba ba, kuma yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura haka tamowarsa ta yi tsanani, ko da tef ya nuna kore. Ta ba shi abincin tamowa na leda ya ɗanɗana, ya kau da kai. Nan take ta rubuta takarda ta ce sai babban asibitin Makarfi, kada mu biya gida.

A kan babur hannuna na kan ƙirjinsa, ina jin ko yana numfashi. Da aka ba mu gado na ce a sayo ƙwai da hanta in ɗura masa. Ma'aikaciyar jinya ta ce kada in kuskura, abinci mai nauyi yanzu zai iya zama ajalinsa, sai madara ta musamman kaɗan-kaɗan da kofi, kuma in lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. Kwana uku babu wanda ya ce mini zai tashi. Da kumburin ya sace na ga ɗana na gaskiya, fata da ƙashi. Inna ta zo tana kuka wai ita ta cuce shi. Dole na faɗa mata cewa ita ba a koya mata ba, ni aka kawo wa ilimin har cikin hannu na tsallake. Allah Ya yi da sauran kwanansa, a mako na biyu ya miƙo hannu ya karɓi ledar abincin tamowan da kansa.

Na koma na kalli darussan duka, wasu sau uku. Iyaye mata, in an kai yaro yaye ku riƙa tambayar abin da yake ci, in ya dawo da ƙiba amma babu wasa ku danna ƙafafunsa, ku garzaya asibiti. 'Yan'uwana ma'aikata, in ba ku kalli darasi ba ku ce ba ku kalla ba, don mutane da maganarmu suke kwana. Maigidana bai taɓa yi mini gori ba, amma tun daga ranar, in yaro ya yi zazzaɓi ba ya tambayata, babur kawai yake fitarwa.