Karan Dawa a Kan Tsaga

Shekaranjiya ɗana ya miƙo mini waya, wai in ga abin mamaki. Wani dutse ne a wata ƙasa mai sanyi, fari fat da ƙanƙara, mutane na ratsa gindinsa. Sai kawai gefen dutsen ya zabto ya rufe su. Ba hoton ne ya tsinka mini zuciya ba, ƙarar ce. Na san wannan rugugin, a gaɓar gulbinmu na fara jin sa.

A wani ƙauye kusa da Dosara na tashi, gidan maginan tukwane. Kakata ce uwar sana'ar, innata kuma ita ce ƙarfinta. Yumɓu mai kyau ba a sarari yake ba, yana can ƙarƙashin gaɓa, inda ruwa ya ci ya bar ƙasa ta rusuno kamar rumfa. Idan damina ta ja baya, mata sai su ɗauki dagi da ƙwarya su nufi can. Har yau ina jin sanyin wurin a tafin ƙafata, da warin laka mai ɗan tsami.

Kakata ba ta yarda a shiga da gaggawa. Takan tsaya ta karanta gaɓar daga sama har ƙasa: ga busasshiyar ƙasa, ga jan yumɓu, ga siririn yashi a tsakani. Yashin nan take tsoro. In ya sha ruwa, duk abin da ke kansa zamewa yake yi. Sai ta hau sama ta nemi tsaga, ta karya guntun karan dawa ta soke shi a tsakani, ya tokare baki da baki. Muddin karan na tsaye, ƙasa na riƙe. In ya faɗa ciki, tsagar ta buɗe ke nan. Dokarta biyu ce: mace ɗaya ke shiga, ɗaya kuma ta zauna sama tana kallon kara. Matan unguwa har tsokanarta suke, wai tsohuwa ta mai da kara malamin duba. Ita kuwa ko a jikinta.

"Ƙasa ba ta hwaɗuwa sai ta yi sallama," takan ce. "Mu na ba mu amsawa."

A shekarar da nake ba ku labari, an yi wani ruwa na bazata bayan kowa ya ɗauka damina ta wuce, rana kuma ta biyo shi da zafi. Kakata ta so a haƙura, amma yumɓun gida ya ƙare, innata ta matsa. Ta shiga, ni da kakata muna sama. Ina jin bugun daginta daga ƙarƙashinmu, tana 'yar waƙarta. Idon kakata bai bar karan nan ba, ko ƙuda ba ta kora.

Na ga karan ya karkata, ya sulale ciki ba ƙara ba motsi.

"Hito! Bar dagin, hito!"

Ban taɓa jin muryar kakata haka ba. Ta fizge ni baya, ƙasa ta tafi da rugugi daga inda muke zaune. Da ƙurar ta lafa, sai ga innata kwance a bakin rami, ƙasa ta rufe ta har ƙugu, kanta da hannuwanta a waje. Da ta tsaya ɗaukar ƙwarya, da a nan za a yi mata kabari. Da hannu muka tone ta, ina kuka, farcen kakata na jini. Ƙafarta ta hagu ta karye, mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ɗingishin bai bar ta ba.

Kakata ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Roba ta kori tukwane. Yanzu samari ne ke shiga ƙarƙashin gaɓa su yi wa manyan motoci lodin yashi, su shiga gaba ɗaya, kowa na sauri.

Innata tana wurina a Mafara, ta tsufa. Shekaranjiyar nan da ta ji ƙarar wayar, sai ta ɗingiso ta karɓa. Ta kalli hoton har ƙarshe, tana shafa ƙafarta ta hagu, sannan ta ɗago.

"Bayin Allah," ta ce. "Duk sunka shiga? Ba wanda sunka bari bisa?"