Taswirar da Tela Ya Kifa

Wanda ya shiga shagon telan nan na ƙarshen layi zai ga kekunan ɗinki biyu, da teburin yanka, da wata tsohuwar kwamfuta a lulluɓe da ragowar yadi. Wasa ɗaya ne a cikinta, ya ma girmi 'yarsa ta fari. Jarumai huɗu ake tafiya da su cikin wani kogo mai hawa goma sha biyu zuwa ƙasa. Bangon duk kala ɗaya, dodannin kamar da gawayi aka zana su, kiɗan kuma in ya kai wani wuri sai ya shaƙe. Wasan ba ya nuna hanya. Akwai ƙofar da ta cinye masa wata uku, ashe wani tsoho ne a hawa na biyu ya kamata ya gaisar sau biyu kafin ta buɗu.

In masu kawo ɗinki suka tambaye shi me yake tsinta a ciki, ga sababbin wasanni a waya, sai ya ce sababbin riƙe maka hannu suke yi kamar za a tsallakar da kai titi. Wannan kuwa babu ruwansa da kai, shi ya sa in ka wuce wuri ka san kai ka wuce. Duk da haka, a zama ɗaya yana iya tsine wa waɗanda suka yi shi sau biyar.

Ba shi kaɗai yake bugawa ba. Shekara tara, kowace Asabar da la'asar yayansa kan zo shagon. Yaya mai zanen filaye ne a ofishin safiyo. Tela na danna maɓallai yana ƙirga taku a fili, Yaya na zana taswirar kogon a littafi mai gida-gida, suna musu kamar waɗanda ba ciki ɗaya suka fito ba. A haka suka kai hawa na tara.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Yaya. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce sauƙi zai samu in yana motsa ɗaya hannun, yana kuma hira da mutane, amma Yaya ya juya wa kowa baya. Matarsa ta gaya wa Tela a bakin ƙofa cewa ko ruwa yake so nuni yake yi, saboda kunyar jin muryarsa. Wata huɗu ke nan. Tsoron Tela kada shirun ya zame masa jiki.

Wata Asabar Tela ya rufe shago da wuri, ya ɗauko kwamfutar ya girka ta a ɗakin Yaya. Yaya ko kallo bai yi ba. Tela ya shiga hawa na goma shi kaɗai, yana bugawa yana zane, abin da bai taɓa yi ba. Da biro ya zana, a shara-sharar takardar da yake fitar da samfurin riga. Asabar uku yana wannan, ba wanda ya tanka masa.

A ta huɗu ya maƙala taswirar a labule da allura, ya fara binta. Inda ta nuna hanya ya tarar da bango. Ya bi hagu, jarumansa suka afka rami. Ya sake, suka sake afkawa, mai ba su magani ta mutu, ga shi wasan ba ya ajiye inda aka tsaya sai a bakin matattakala. Aikin awa guda ya tashi a banza. Ya shiga faɗa shi kaɗai, wai 'yan banzan da suka yi wasan sun sauya kogon cikin mako ɗaya.

"Kawo."

Tela ya waiwayo. Yaya ne ya miƙo hannun hagu. Ya karɓi takardar, ya ɗaga ta saitin taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya ta.

"Auta," ya ce, kalma na jan kalma, "wannan ba yadi ba ne."

Shekara talatin Tela yana sa alli a bayan yadi, in ya gama ya juyo fuskar. Hannunsa ya yi wa taswirar haka bai sani ba. Tawadar ta fito ta kowane gefe, bai kuma rubuta ko harafi ɗaya ba, gabas ta koma yamma.

Faɗan da Yaya ya yi masa ya ɗauki lokaci, don sai ya huta tsakanin kalmomi, amma bai rage komai ba. Wane irin mutum ne zai zana taswira babu kibiyar arewa? Ya nemi fensir. Matarsa, da ke tsaye a ƙofa da kofin ruwa, ta ajiye kofin ta tafi nema. Kibiyar da ya zana da hagu ta karkace kamar ƙugiya, ya ce ko a haka ta fi zanen Tela.

Yanzu kwamfutar a ɗakin Yaya take, layukan taswirar kuma sun fara miƙewa. Sun kai hawa na goma sha ɗaya, inda wata ƙofa ta tsare su mako biyar. Yaya ya dage sai an koma sama an sake gaida tsohon nan. Tela ya san tafiyar Asabar shida ce, bai kuma yi musu ba.